Zoben Aure Da Rumbun Gero

Da kaka ta yi, sai bukukuwan aure su taso. A zagayen da muke yi wa ƙungiyoyin manoma tsakanin Tambuwal da Kebbe, mun iske wani saurayi ya kwashe rabin geronsa ya kai kasuwa tun hatsi yana araha, wai zai sayi zoben zinariya. Da muka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ai in babu zobe aure bai ɗauru ba."

To, 'yan'uwa, bari mu duba asalin zoben nan.

Littafi Mai Tsarki bai umarci kowa ya sa zoben aure ba. Gaskiya ne baran Ibrahim ya ba Rifkatu zoben zinariya a Farawa sura 24, amma na hanci ne. Al'adar daga Romawa ta zo, su kuwa da fari na baƙin ƙarfe suke bayarwa ranar baiko. Daga baya ekklesiya ta karɓa. A shekara ta 866 Paparoma Nikolas na Ɗaya ya ambaci zoben baiko cikin wasiƙarsa zuwa ga mutanen Bulgariya. A 1549 littafin addu'a na Ekklesiyar Ingila ya ce a sa shi a yatsa na huɗu na hannun hagu. Mutanen dā sun zaci akwai wata jijiya ta musamman daga yatsan nan zuwa zuciya, amma likitoci sun duba, babu ita. A Jamus da Rasha ma a hannun dama ake sawa. Shi kuwa zoben lu'ulu'u, tallar kamfanin De Beers ce ta 1947 ta cusa shi a zukatan mutane.

Ba raina zobe muke yi ba. Ma'anarsa tana da kyau: a zagaye yake, ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, kamar alkawarin da ba a warwarewa sai mutuwa ta raba. Yana kuma gaya wa duk mai ido cewa wannan da aurensa. Amma alkawarin da aka yi gaban Allah da shaidu, shi ne ya ɗaura auren.

Mu ma ai da namu alamun. Makwabtanmu Musulmi da sadaki da waliyyai da shaidu suke ɗaurawa, a raba goro, aure ya tabbata. 'Yan'uwanmu da suka fito daga ƙasar Zuru sun san golmo, inda saurayi yakan yi shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban. Wanda ya yi wannan, wane zobe ne zai ƙara masa shaida?

Abin da ya dame mu shi ne lissafin. Geron da aka sayar a watan Nuwamba, shi za a sake saye da tsada a Yuli, sa'ad da amarya take gida, ana kuma neman kuɗin taki. Sau da yawa ma abin da ake kira zinariya a kasuwa ruwanta ne kawai aka shafa, kafin damina ta fita ya koɗe.

Mun raka saurayin nan wurin maƙerin fari, aka ƙera masa na azurfa guda biyu, sauran kuɗin ya ajiye a asusun ƙungiya. Mun kuma gargaɗe shi ya riƙa cire zoben in zai taɓa injin ban ruwa ko na niƙa, gama in bel ya kama zobe, da yatsan yake tafiya.