Ciwon Suga da Lafiyar Ƙafa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar riƙe wannan magana, musamman game da ƙafarsa.

Idan suga ya daɗe da yawa a jini, yakan lalata jijiyoyin ji, ya rage gudun jini. Sai ƙafa ta fara zugi da sagewa, daga baya ta daina jin zafi. Ƙaya ko ƙusa kan soki mutum bai sani ba, har wurin ya zama gyambo, wani lokaci a yanke ƙafar. Shi ya sa a 2005 aka keɓe Ranar Ciwon Suga ta Duniya, 14 ga Nuwamba, domin kula da ƙafa.

A Gombe, hunturu na kawo faso, bazara kuma ƙasa na ƙuna. Don haka mai ciwon ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya shafa mai a dunduniya. Kada ya yi tafiya ba takalmi, ko ya kusanci garwashi, ko ya kankare kaushi da reza. Ya kuma kiyaye magani da abincinsa.

Da an ga rauni, kumburi ko baƙi, a garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kada a tsaya shafe-shafe a gida.