Koya Wa Yaro Tafiya Da Takalmi Mai Taya

A manyan birane yanzu a kan ga samari suna sheƙa gudu bisa kwalta da wani irin takalmi mai ƙananan tayoyi jere a tafinsa. Abin da ya shiga birni kuwa ba shi daɗewa bai kai Wurno da Rabah da Goronyo ba. Don haka mu ka ga ya kamata mu yi wa malamai da iyaye bayani tun yaro bai ɗaura ba.

Takalmin nan ba baƙon abu ba ne a duniya. A ƙarni na 18 wani gwanin ƙira, Joseph Merlin, ya shiga wani taron biki a London bisa takalmi mai taya, yana kaɗa goge. Da ya ke bai yi masa dabarar tsayawa ba, sai ya ci karo da wani babban madubi, ya fasa shi, ya kuma ji ciwo. A 1863 James Plimpton na Amurka ya fito da mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya. Wajen 1980 waɗansu 'yan'uwa, su Olson, su ka gyara na tayoyin jere, wanda ya shahara da sunan Rollerblade.

To, darasin Merlin shi ne kan magana: a koyi tsayawa kafin gudu. Rimawa ba su bukatar dogon bayani, gama ba a sakar wa yaro doki sai ya san linzami.

Da fari a sa masa hular kwano, a ɗaure gwiwa da gwiwar hannu da abin kariya, musamman wuyan hannu, don shi a kan dafa in an faɗi. A fara bisa tabarma, inda taya ba ta gangarawa. Ya ɗan durƙusa, ya haɗa dugadugai, ya buɗe yatsu, ya riƙa takawa kamar agwagwa. A koya masa faɗuwa ta gaba, da tashi da gwiwa ɗaya. Sa'an nan a koma daɓen siminti, kamar barandar makaranta, a share yashi, a nuna masa birkin da ke dunduniya. Babba ya tsaya a gefensa ya ba shi hannu, kada ya ja shi. In ya gaji a bari sai gobe. Tsawa ba ta ƙara masa kome sai tsoro.

Abu guda mu ke roƙo. Hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ta manyan motocin albasa da shinkafa ce, ba filin wasa ba. Kada a bar yaro ya hau ta, balle ya kama bayan mota.

Da rarrafe yaro kan tashi. Allah ya raya mana su.