Abin da tsagogin duwatsun Abuja ke bayyanawa game da motsin ƙasa

A farkon watan Satumban 2018, mazauna Mpape da wasu sassan Maitama sun kwana cikin fargaba bayan da ƙasa ta riƙa rawa a ƙarƙashin gidajensu, har hukumar birnin tarayya ta dakatar da fasa duwatsu a yankin. An sake jin irin wannan motsi a Mpape a Satumban 2024. Me zai sa ƙasar da ba a san ta da girgiza ba ta motsa? Wani ɓangare na amsar yana nan a jikin duwatsun da aka datsa domin shimfiɗa titunan birnin.

Abuja na zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, wanda ya sha matsa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da doron ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da wanda ke gabashinsa. Wannan karo ya bar tabonsa tun daga duwatsun Hoggar na Aljeriya har zuwa arewa maso gabashin Brazil, wadda a wancan zamani take manne da Afirka.

Wanda ya tsaya a kan falalen dutse a kewayen birnin zai ga ratsin fari da baƙi, a wasu wurare a lanƙwashe kamar tabarmar da aka turo daga gefe biyu. Dutse ba ya lanƙwashewa haka a sarari, karyewa yake yi. Saboda haka lanƙwasar shaida ce cewa abin ya faru ne can cikin ƙasa, a zurfin kilomita masu yawa, inda zafi ya tausasa shi. Akasarin ratsin ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, abin da ke nuna wa masana cewa matsar ta zo daga gabas da yamma.

Jerin abubuwan da suka faru ma ana iya karanta shi, domin duk abin da ya yanki wani, to bayansa ya zo. Farar jijiyar ƙanƙara da ta ratsa lanƙwasa ta samu ne bayan lanƙwasar. Idan kuma jijiyar ta katse, ta ci gaba a ɗan gefe, to dutsen ya tsage daga baya, ɓari guda ya zame. Tazarar da ke tsakanin bakunan biyu ita ce gwargwadon zamewar, kuma ana iya auna ta da ma'aunin tela.

Sai dai ba kowace tsaga ce alamar motsin ƙasa ba. Ɓawon da ke saɓulewa daga jikin manyan duwatsu irin su Aso da Zuma, kamar na albasa, yana samuwa ne bayan zaizaya ta ɗauke nauyin da ke danne da su.

Tsagogi masu zurfi su ne abin lura. Najeriya tana nesa da bakin manyan faifan ƙasa inda ake mummunar girgiza, amma tsohuwar tsaga wuri ne mai rauni, kuma idan matsi ya taru tana iya ɗan zamewa. Irin wannan ɗan motsi ne aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016. Hukumar binciken ma'adinai da duwatsu ta ƙasa, NGSA, da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi suna bibiyar lamarin da na'urori.

Waɗannan tsagogi kuma su ne ma'ajiyar ruwa, tunda dutsen tushe ba ya riƙe ruwa sai inda ya fashe ko ya rududduge. Shi ya sa rijiyar burtsatse kan ba da ruwa a wani gida, ta maƙwabcinsa kuwa ta fito a bushe. Taswirar tsagogin da mai haƙar rijiya yake nema ita ce injiniya yake dubawa kafin ya kafa harsashin dogon bene ko gada.