Citta da Takunkumi: Darasin da Ke Cikin Hirar Kasuwar Kafanchan

A kasuwannin citta na kudancin Jihar Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kwoi, Kachia da Kubacha, kafin a ɗora buhu a kan sikeli an riga an yi rabin ciniki a teburin mai shayi. A nan ne fatake da dillalai da manoma kan baje ra'ayinsu a kan siyasa, da rufe iyakoki, da cututtuka, da toshe kafofin sadarwa, da sababbin na'urori. Baƙo zai ɗauka hirar kashe lokaci ce kawai. Amma abubuwan da suka faru a yankin daga shekarar 2015 zuwa yau sun nuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa ya taɓa shiga aljihun mai sayar da citta kai tsaye, kuma wanda ya iya tace sahihin labari daga jita-jita shi ne ya fi tsira da jarinsa.

Garin da labari ya gina

Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ta bunƙasa ne albarkacin jirgin ƙasa. A shekarar 1927 ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Tare da jirgin ne ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na Nijeriya suka shigo, haka kuma labarin farashin kaya a bakin teku ya riƙa isowa a kan kari. A daidai wannan zamani ne noman citta don sayarwa ya fara kafuwa a ƙasar Jaba da kewaye. Iri biyu manoma suka fi sani: tafin giwa, mai faɗi da launin rawaya, da yatsun biri, mai siraran yatsu da duhun launi. Masu saye a ƙasashen waje suna daraja cittar yankin saboda yajinta da yawan man da ke cikinta, kuma alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna sanya Nijeriya a sahun gaba na masu noman citta a duniya, inda Indiya ke riƙe da matsayi na ɗaya.

A shekarar 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Tun daga lokacin kasuwa ce ke yanka farashi, ba gwamnati ba. Harkar jirgin ƙasa ita ma ta ja baya matuƙa, sai tireloli suka karɓi jigilar busasshiyar citta zuwa tashoshin jiragen ruwa na Legas da kuma kasuwar Dawanau a Kano. Wannan sauyi ya ɗora wa kowane ɗan kasuwa nauyin neman labari da kansa: nawa dala take, wace iyaka ke buɗe, wace ƙasa ke saye.

Takunkumin kaya

Kalmar takunkumi ta shiga bakin jama'a sosai ne a watan Nuwamba na 1995, bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas, lokacin da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar wa sojojinta makamai. Wancan takunkumi na siyasa ne, kuma bai hana buhun citta shiga jirgin ruwa ba. Wanda ya fi dacewa ɗan kasuwar amfanin gona ya yi nazarinsa shi ne na watan Yuni na 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalilin da ta bayar shi ne an riƙa samun ragowar maganin ƙwari nau'in da ake kira fiya-fiya a cikin waken, fiye da ƙa'idar da ta yarda da ita ninki-ninki. An sa haramcin na shekara ɗaya ne da farko, amma a 2016 aka tsawaita shi da shekara uku, daga baya aka sake tsawaitawa.

A majalisun hira, ra'ayin da ya fi yawo a kan irin wannan mataki shi ne Turawa na neman dalilin karya farashi ne kawai. Sai dai ko da akwai son kai a cinikayyar ƙasashe, haramcin waken ya dogara ne a kan gwaje-gwajen da aka yi wa kayan da suka isa tashoshinsu. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Haɗarin da ke fuskantar citta shi ne fumfuna. Idan aka tsaga ta aka shanya a ƙasa ko a gefen titi, ko aka ɗure ta a buhu kafin ta bushe sarai, fumfuna kan kama ta, wadda ke haifar da gubar afalatokzin mai illa ga hanta. Ƙa'idar Tarayyar Turai ga citta da wasu kayan yaji ita ce kada jimillar wannan guba ta wuce kashi 10 cikin miliyan dubu. Wannan adadi ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. Ɗakin gwaji kaɗai ke gano shi. Saboda haka buhu kaɗan marasa kyau na iya jawo a mayar da kwantena guda, kwantenoni kaɗan kuma na iya ɓata sunan ƙasa baki ɗaya.

Akwai kuma takunkumin da ƙasa ke sa wa kanta. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu da nufin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, ba a fara buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020, inda aka soma da Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin da aka yi a Jamhuriyar Nijar a watan Yuli na 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka sake rufe iyakar arewa har zuwa farkon 2024. A lokutan biyu, halastattun kayan da fatake kan bi da su ta tudu zuwa maƙwabta sun tsaya tare da haramtattun. A watan Agusta na 2025 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida don ƙarfafa masana'antun cikin gida, farashinsa ya faɗi a kasuwanni nan take. Darasin da ke ciki ga mai ajiyar citta a sito shi ne sanarwa ɗaya daga Abuja na iya sauya darajar kayansa cikin dare guda.

Takunkumin magana

Tsofaffin 'yan kasuwa na tuna Doka ta 4 ta shekarar 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, da kuma rufe gidajen jaridun Guardian, Punch da Concord a 1994. A wancan zamani mai neman tabbacin labari kan kwatanta abin da ya ji a Rediyon Kaduna da abin da sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje suka faɗa. Zuwan wayar salula a 2001 ya sauya lissafin. Manomi a Kwoi ya samu ikon kiran ɗan'uwansa a Legas ko Kano ya ji farashi kafin ya sallama wa dillali, abin da ya rage wa 'yan baranda ƙarfin da suke da shi a da.

Shekarar 2021 ta nuna yadda wannan ci gaba ke da rauni. A ranar 5 ga Yuni Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a ɗage haramcin ba sai 13 ga Janairu na 2022, daga bisani kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa matakin ya saɓa wa doka. Wannan ya fi shafar matasan birane masu tallata kaya ta intanet. Wanda ya fi kusa da gida shi ne matakan da Gwamnatin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta ɗauka don yaƙi da 'yan bindiga: dakatar da kasuwannin mako-mako a wasu ƙananan hukumomi, hana zirga-zirgar babura, da katse layukan waya a wasu sassan jihar daga ƙarshen watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Wannan lokaci ya zo daidai da farkon kakar haƙar citta.

Ra'ayoyi sun rabu a kan matakin. Masu goyon baya sun kafa hujja da cewa babu ciniki inda babu tsaro, kuma masu garkuwa da mutane da waya suke neman kuɗin fansa. Masu suka sun nuna cewa wayar da aka katse ita ce dai ake kiran agaji da ita, ita ce kuma ake tura kuɗi da ita. Abin da ya shafi kasuwa a fili yake: duk inda labari ya yanke, tazara tsakanin farashin ƙauye da na birni kan faɗaɗa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ke biyan bambancin.

Hakan ya sake bayyana a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000. Cinikin citta a ƙauyuka na kuɗi hannu ne, kuma ƙarancin ya faɗo a tsakiyar lokacin sayar da busasshiya. Jihar Kaduna na cikin jihohi uku, tare da Kogi da Zamfara, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris ta ba da umarnin ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Bayan wannan wahala, tura kuɗi ta waya ya samu karɓuwa a kasuwannin karkara fiye da da, wanda ke nufin katse layin waya a yau zai fi yin ɓarna fiye da yadda ya yi a 2021.

Takunkumin da babu wanda ya sa wa hannu

Batun lafiya ya taɓa citta ta fuska biyu. A 2020, lokacin annobar korona, jama'a a gida da waje sun rungumi shan citta da tafarnuwa da lemun tsami, buƙata ta ƙaru, duk da cewa babu wata hukumar lafiya da ta tabbatar citta na warkar da cutar. Kasuwa ta yi kyau, sababbin hannu da yawa suka shiga noman.

Daga nan sai daminar 2023 ta zo da cutar da ta fi kowane takunkumi muni. Ganyen citta ya riƙa yin rawaya yana bushewa, saiwar kuma tana ruɓewa a cikin ƙasa. Fiye da hekta 2,500 ne aka ba da rahoton cutar ta lalata a kudancin Kaduna, kuma Ƙaramin Ministan Noma, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, ya ƙiyasta asarar da fiye da naira miliyan dubu 12. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da annobar, a 2024 kuma aka sanar da tallafin naira miliyan dubu 1.6 ta hannun Asusun Raya Aikin Gona na Ƙasa ga manoman Kaduna, Filato, Nasarawa da Babban Birnin Tarayya.

Abin da ya sa raunin ya yi zurfi shi ne yanayin shukar kanta. Citta ba ta da ƙwaya. Saiwar da ake sayarwa ita ce irin da ake shukawa a watannin Afrilu da Mayu. Manomin da gonarsa ta ruɓe ya rasa kuɗin bana, ya kuma rasa irin baɗi, wanda ya tsira da ɗan kaɗan kuma yana iya mayar da cutar cikin ƙasa ta hanyar iri mai ɗauke da ita. Farashin buhu ya ninka sau da dama, amma tsadar ba ta amfani wanda ba shi da abin sayarwa. Manoma da yawa sun koma noman masara da gangamau da wasu amfanin gona, masu saye na ƙasashen waje kuma suna da Indiya da Sin a matsayin madadin. Abokin ciniki da ya saba da wata kasuwa ba ya dawowa da sauƙi.

A lokacin annobar, majalisun hira sun cika da bayanai iri-iri: wasu sun ɗora laifin a kan takin zamani, wasu a kan maganin feshi, wasu a kan makirci. Bayanin da masana aikin gona suka bayar shi ne cutar fumfuna ce, wadda danshi mai yawa, da maimaita shuka a gona ɗaya, da musayar iri ba tare da tantancewa ba ke taimaka wa yaɗuwarta. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike, wadda ke da reshe a Maro cikin Jihar Kaduna, ita ce ke da alhakin binciken citta, kuma samar da tsabtataccen iri mai yawa na cikin manyan ayyukan da ke gabanta.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa

Babu fatake ko manoma da za su iya hana Tarayyar Turai kafa ƙa'ida, ko hana gwamnati rufe iyaka. Amma akwai abin da ke hannunsu. Shanya citta a kan tamfol ko siminti maimakon ƙasa, auna danshinta kafin ɗinke buhu, da ɗaga buhuna daga ƙasa a cikin sito, suna rage haɗarin fumfuna da kuɗi kaɗan. Mai niyyar fitar da kaya waje yana buƙatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, da takardar shaidar lafiyar kaya daga hukumar killace amfanin gona, kuma gwajin ɗakin bincike kafin lodi ya fi araha a kan kwantenar da aka mayar. Ƙungiyoyin gama-kai na iya ɗaukar nauyin na'urar tsagawa da busarwa da mutum ɗaya ba zai iya saya ba. Ga manomi, sayen iri daga tushe sananne da hutar da gona na wasu shekaru su ne matakan farko na rigakafi.

Haka kuma ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar yankin su nemi a riƙa ba su sanarwa da wa'adi kafin a ɗauki matakin da zai shafi iyaka, ko kuɗi, ko layin waya, musamman tsakanin Oktoba da Maris, lokacin da jarin shekara guda ke shimfiɗe a wurin shanya. Hirar teburin mai shayi za ta ci gaba kamar yadda aka saba, domin a nan labari ke fara sauka. Aikin da ya rage wa mai jari shi ne ya tabbatar da abin da ya ji daga sanarwar hukuma, ko daga malamin gona, ko daga abokin cinikinsa a Legas, kafin ya yanke shawarar sayarwa ko ajiyewa.