Gargaɗi: Muna Kallon Zakin Wasu, Dajinmu Na Ƙarewa

Akwai wata cuta da ke yaɗuwa a ƙasar Damagaram, daga Magariya da Dungas har zuwa dazuzzukan Gure da Tasker. Ita ce kisan namun daji don alfahari, ba don yunwa ko kare gona ba: a harbe dabba, a ɗauki hoto da ita, a saka a Facebook ko TikTok, abokai su ce wane ya cika namiji. Wannan gargaɗi ne ga samari masu babura da bindigogi, da masu kuɗin da ke ɗaure masu gindi, da mu duka da muke zaune gaban talabijin muna tsammanin daji na nan cike kamar yadda ake nuna mana.

A je teburin mai shayi bayan sallar isha'i a Bande ko Waca ko Dogo-Dogo. Za a tarar da samari sun yi da'ira a kan waya ɗaya, ko gaban talabijin mai aiki da hasken rana, suna kallon zaki ya laɓe cikin ciyawa yana fakon garken ɓauna. Ana ta ihu ana cewa "Kai! Ya kama ta!" Yaro ɗan shekara goma ya san yadda kada ke jan dabba a kogin Mara na Kenya da Tanzaniya, amma bai taɓa ganin barewa da idonsa ba, bai san kamannin tuje ba, alhali kakansa ya girma cikin su.

Kallon waɗannan finafinai ba laifi ba ne. Suna sa mutum ya yi tasbihi ga Mahalicci. Haɗarin yana cikin abin da suke ɓoyewa. Masu ɗaukar hoto sukan yi watanni a daji, su tace abin da suka samu ya koma shirin da bai kai awa ɗaya ba, su cire hanyar mota da shingen waya da tarkon mafarauci. Wani lokaci har haɗa abin ake yi. A 2011 an gano cewa jariran wata dabbar ƙasar ƙanƙara da BBC ta nuna cikin raminsu a shirin Frozen Planet, a gidan ajiye namun daji na ƙasar Holan aka ɗauke su. Mai kallo yana tashi da tunanin cewa namun daji ba su ƙarewa. Wanda ya ɗauka abu ba ya ƙarewa kuwa, ba ya tattalinsa.

Akwai kuma wani kallon da ya fi wannan illa, wato bidiyon masu farautar nishaɗi. Attajiri ya taso daga Amurka ko Turai, ya biya maƙudan kuɗi, a kai shi har gaban dabba, ya harbe ta, ya durƙusa bayan gawar yana murmushi, a yanke kai a busar ya kai gida ya rataye a bango. A watan Yulin 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya biya kimanin dala 50,000 ya kashe wani zaki da ake kira Cecil, bayan an yaudaro shi waje da gandun Hwange na Zimbabuwe. Zakin na ɗauke da na'urar bin sawu da masu bincike na Jami'ar Oxford suka ɗaura masa. Duniya ta yi caa. Amma hoton irin wannan durƙuson ya riga ya shiga wayoyin yaranmu, su ma suna kwaikwayo da zomo da zabon daji da duk abin da ya rage.

Masu kare wannan sana'a suna da hujja, kuma ya kamata a ji ta. Suna cewa a ƙasashe kamar Namibiya ana ƙidaya dabbobi, a ba da izinin harbe 'yan kaɗan tsofaffi, kuɗin ya shiga hannun mutanen ƙauye har su ga amfanin barin daji da rai. To, ko a can ana jayayya kan nawa ne ke isa hannun talaka. Mu kuwa a nan, wa ya ƙidaya? Wane ƙauye ne a Magariya ko Dungas aka gina wa rijiya da kuɗin barewar da aka kashe? Inda babu ƙidaya babu iyaka, kisan ba tattali ba ne, wawaso ne.

Ba sai mun je Zimbabuwe neman darasi ba. Shekara da shekaru manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa suna shigowa saharar Nijar da jerin motoci da shaho da aka horar, suna farautar tuje da barewa. Mariri, wanda ya taɓa yawo garke-garke a yankin Sahel, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare ƙaf a daji, sai da aka kwaso waɗanda aka kiwata a Abu Dabi aka sake su a Cadi daga 2016. A watan Maris na 2012 gwamnati ta kafa gandun Termit da Tin-Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a lokacin, wanda wani ɓangarensa ke cikin jiharmu. A Nijar, can ne mafakar ƙarshe ta farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. A 2007 an ƙiyasta saura kimanin 200. Da aka yi bincike ta sama da ta ƙasa a watan Maris na 2016, uku kacal aka gani. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora alhakin a kan hargitsin aikin haƙar man fetur da harbin da masu gadin aikin ke yi. Jimina mai jan wuya kuwa, yau a jiharmu sai a bayan shinge a Kelle, ƙasar Gure, inda ake kiwonta don kada iri ya ɓace. Zakin Afirka ta Yamma ma, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna saura wajen 400 a yankin gaba ɗaya.

Mu mutanen bakin iyaka akwai namu kason na laifi. Hanyar da ke kai shanu da raƙuma kasuwar Maigatari ita ce ke kai fata da ƙaho da kan ungulu wurin masu sayar da kayan tsibbu. A 2014 wata ungulu da masu bincike suka saka wa na'ura a ƙasar Girka ta ƙetare teku da sahara lafiya, ta zo kudancin Nijar wani mafarauci da ya shigo daga Nijeriya ya harbe ta don sayarwa. Dattawa su faɗi gaskiya: ina ungulayen da ke cika mahauta a da? Yanzu mushe na kwana yana ruɓewa a bayan gari, karnuka da ƙudaje suna kwasar cuta suna kawo mana gida.

Mahalbin da muka gada ba haka yake ba. Yana da sarkin baka da yake jin maganarsa, yana bin sawu a ƙafa, ya san lokacin da dabba ke da ciki ya ƙyale ta, abin da ya samo kuma a ci a gida a raba wa maƙwabta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa. Na yau kuwa bai ci gudun komai ba. Tocila ce ɗaure a goshi, mutum biyu a kan babur, a haske idon dabba ta tsaya cak, ko a kore ta har numfashinta ya ƙare ta faɗi. Wasu su cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, ciyawar da makiyayi ke jira da rani ta tafi a banza. Wannan ba jarumtaka ba ce.

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya farauta don wasa makaruhi ce, kuma hadisi ingantacce ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Dokar ƙasa ma tana nan, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Kada wani ya ce an makara. A 1996 raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, saura 49. Da aka hana kisansu, mutanen ƙauyuka suka shiga cikin tsaron, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji na jihar Maraɗi. Mu kanmu mun yi irin wannan da itace. Gonakin Magariya da Matamai da Mirya sun cika da gawo saboda manoma sun daina sare tohon da ya fito, har masana na zuwa daga ƙetare su gani. Hannun da ya bar gawo ya girma zai iya barin zabuwar daji ta ƙyanƙyashe.

Don haka kira nake ga sarakuna da masu gari da sarakunan baka su hana farautar dare da babur da ƙona daji a ƙasarsu. Limamai su ɗauki maganar a huɗuba. Jami'an gandun daji su tsare doka a kan babba kafin yaro, domin idan mai jerin motoci ya wuce salin-alin, kama mai tarko zalunci ne. Gidajen rediyon ƙauye su gayyato tsofaffin mahalba su faɗa wa yara abin da ke dajin nan a da. Kai kuma saurayi, idan aka turo maka hoton wani ya taka gawar dabba yana dariya, kada ka yaba, kada ka tura wa wani, ka gaya masa abin kunya ya yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.