Masu Karɓar Haraji a Ƙasar Riɗi da Dawa

Daga watan Oktoba, idan damina ta ɗauke kuma baƙar ƙasar Gadarif ta fara tsattsagewa, manyan motoci kan yi jerin gwano zuwa kasuwar amfanin gona ta birnin. Riɗi ne ke fara isowa, domin shi ba ya jiran kowa: da ya nuna sai a yanke shi, a ɗaure dami-dami a jingine, in an yi sakaci kwanson ya buɗe ƙwayar ta zube a ƙasa. Dawa kuma sai wajen Disamba da Janairu. A kasuwar gwanjo ake yi. Dillali zai soka buhu ya ɗebo samfur, ya baza a tafin hannu, ya duba fari da tsabtarsa kafin ya buɗe baki ya yi tayi. Riɗi da kantar ake cinikinsa, dawa da ardab. Kuɗin da ke sauya hannu a 'yan watannin nan shi ke riƙe jihar har shekara ta zagayo, kuma a cikinsa ne gwamnati take neman nata kason.

Jihar Gadarif tana gabashin Sudan, ta yi iyaka da Habasha, kuma ita ce rumbun ƙasar. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noman tarakta a yankin Gadambaliya, a 1968 aka kafa hukumar noman injuna, aka riƙa yanka wa mutum ɗaya gona mai faɗin fadan 1000 ko 1500. Hausawa suna cikin waɗanda suka raya wannan ƙasa da guminsu. Kakanninsu sun biyo hanyar aikin Hajji a ƙafa, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna suka zama 'yan ƙasa, manoma da masunta da 'yan kasuwa.

Ɗan kasuwar Gadarif ba ma'aikaci ɗaya ne ke ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Akwai na Diwanin Haraji, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya, yana da babban sakatare a samansa da rassa a jihohi. Shi ke bin harajin riba da na albashi da na hatimi da harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya. Akwai na Diwanin Zakka, domin a Sudan hukuma ce ke karɓar zakka bisa doka. A 1984 Shugaba Ja'afar Numeiri ya haɗa zakka da haraji a doka guda, a 1986 aka raba su, kowanne ya kama gabansa. Sai kuma ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, masu karɓar kuɗin lasisi da na kasuwa da sauran ƙananan kuɗaɗe. A wajen mai shago duk gwamnati ce, kuma fushin da ɗaya ya jawo yakan sauka a kan wanda ya zo bayansa.

A da aikin ba na masu biro da takarda ba ne. Zamanin mulkin Ingila da Masar, nazirai da omdodi da shehunan ƙauyuka su ne ke tara ushirar amfanin gona da harajin dabbobi, kamar yadda hakimai da dagatai suka yi da haraji da jangali a ƙasar Kano kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979. A Gadarif gidan Abu Sin na ƙabilar Shukriya ya yi ƙarfin da har kasuwar garin da sunansu aka san ta. Basarake ya san gonar kowa da garken kowa, ba ya bukatar wani ya faɗa masa. Da Numeiri ya rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, aikin ya koma hannun ma'aikacin gwamnati, wanda sau da yawa baƙo ne da aka turo daga wata jiha, yana da takardar shaida amma bai san wane ne wane a kasuwa ba. Tun daga lokacin wannan giɓi bai gama cikewa ba.

A bisa tsari, ɗaukar ma'aikaci na bin dokar aikin gwamnati ta 2007. Hukumar zaɓen ma'aikata ce ke tallata gurabe, a yi jarrabawa da ganawa, wanda ya gama jami'a ya fara daga mataki na 9, ya riƙa hawa a hankali zuwa matakan sama. Masu digirin akanta da tattalin arziki da shari'a su ake fi nema, kuma tun da aka kafa Jami'ar Gadarif a 1994 jihar ba ta rasa 'ya'yanta masu irin wannan karatu ba. Amma siyasa ta daɗe tana shiga tsakanin tsarin da aikinsa. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989 an sallami dubban ma'aikata daga ma'aikatu daban-daban da sunan maslahar jama'a, aka cike gurabensu da 'yan gida. Bayan faɗuwarsa a Afrilun 2019 sai aka kafa kwamitin warware wancan tsari, shi ma ya sallami mutane da yawa. Sojoji suka dakatar da kwamitin bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, kotu kuma ta mayar da wasu daga cikin korarrun bakin aikinsu. Ofishin haraji ya fi kowane ofishi jin jiki a irin wannan kai-komo, domin jami'in da ya ga an tsige na gaba da shi saboda sauyin gwamnati ba zai yi gangancin buɗe fayil ɗin wani mai ƙarfi ba.

Akwai wata cancanta da takardar neman aiki ba ta tambaya, alhali a Gadarif tana da daraja: harshe. A kasuwannin jihar ana jin Larabci da Hausa da Fulatanci da harsunan yammacin Sudan da na gabashinta, a mashigar Gallabat kuma, inda ake ciniki da garin Metema na Habasha, ana jin Amharanci. Ma'aikacin da zai zauna da dattijo mai sayar da hatsi, ya ce masa "Baba, ga abin da doka ta ce, ga kuma inda za ka kai ƙorafi in ba ka yarda ba" cikin harshen da ya tashi da shi, ya riga ya rage rabin rigimar.

Horo shi ne inda lamarin ya fi nauyi, saboda yanayin arzikin wurin. A manyan kamfanoni akwai littattafan lissafi da akantoci, aikin jami'i shi ne ya bincika ya tabbatar. Yawancin 'yan kasuwar Gadarif kuwa ba su da irin waɗannan littattafai. Ciniki na tsabar kuɗi ne da amana, riba ta kaka ce, mutum zai iya juya dukiya mai yawa cikin wata uku sannan ya zauna shiru har wata shekara. Ga shi a 2001 gwamnatin tarayya ta soke harajin amfanin gona, ta ce za ta riƙa biyan jihohi diyyar abin da suka rasa, don haka dole jami'i ya iya rarrabe inda noma ya ƙare da inda fatauci ya fara, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne manomin, shi ne mai sito, shi ne mai motar dako. Inda babu littafi sai ƙiyasi. Jami'in zai shiga shago ya dubi yawan kaya, ya dubi girman sito da wurin da shagon yake, ya kwatanta da na maƙwabta, sannan ya rubuta adadi. Wannan adadi zai iya zama adalci, zai iya zama zalunci, zai kuma iya zama farkon ciniki a bayan ƙofa. Babu abin da ke raba ukun sai ilimin mutumin da tarbiyyarsa da kuma idon da shugabansa ya sa masa.

Dokokin ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1986 an sha yi mata gyara. Harajin sayen kaya ya fara aiki a shekarar 2000 a kan kashi 10 cikin 100, ya yi ta hawa har ya kai kashi 17 a 2012, shekara guda bayan ɓallewar Sudan ta Kudu da ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. Daga nan aka juyo kan Diwanin Haraji ana neman ya cike ramin da mai ya bari, a ƙasar da harajinta a lokacin ke tsayawa wajen kashi 6 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya.

A 2015, zamanin ministan kuɗi Badaruddin Mahmud, aka kawo rasidin lantarki ya maye gurbin tsohon rasidin takarda da kowa ya sani da Urnik 15. A da mai karɓar kuɗi yana yawo da littafin rasidi mai kwafi, kuma hanyar ɓarna a buɗe take: a rubuta wani adadi a takardar sama, wani daban a ta ƙasa. Da sabon tsari, na'ura ce ke fitar da rasidi mai lamba, bayanin kuma ya tafi kai tsaye zuwa baitulmali. Gyara ne na gaske, amma ya zo da nasa nauyin. Dole aka koya wa ma'aikatan da suka yi shekaru da biro yadda za su yi aiki da na'ura, kuma a ƙauyukan Gadarif, inda hanya ke yankewa da damina saboda taɓo, ga ƙarancin wuta da raunin intanet, na'urar kan tsaya a daidai lokacin da ake bukatarta.

Cibiyoyin horo akwai su, amma kusan duk a Khartum aka tara su: makarantar koyar da aikin gudanarwa ta Sudan, da cibiyar nazarin ilimin zakka, har da sakatariyar ƙungiyar hukumomin haraji na ƙasashen Musulmi. Asusun Lamuni na Duniya ma yakan turo ƙwararru daga cibiyarsa ta Beirut. Wanda ke kusa da hedikwata shi ya fi samun kwas, ma'aikacin Fashaga ko Gallabat kuwa yakan koyi aiki ne daga bakin wanda ya tarar a ofis, da kyawawan ɗabi'unsa da munanansu.

Sai maganar albashi, wadda ita ce ƙashin bayan dangantakar ma'aikaci da hukumarsa. A 2020 ministan kuɗi Ibrahim al-Badawi ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 425 zuwa fam 3000. Murnar ba ta daɗe ba, domin a tsakiyar 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100, ta cinye ƙarin gaba ɗaya. A ce mutum ya wuni yana ƙiyasta ribar masu sitocin riɗi, ya koma gida albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, wannan jarrabawa ce da bai kamata hukuma ta jefa ma'aikacinta a ciki ba. Ma'aikatan zakka suna da ɗan sauƙi ta wannan fuska, tunda Alƙur'ani ya sanya masu aikin tara ta cikin kashi takwas na waɗanda ake ba wa. Wasu ƙasashen Afirka sun nemi mafita ta hanyar cire hukumar haraji daga tsarin albashin gama-gari, su ba ta ikon ɗauka da biya da kora da kanta: Yuganda a 1991, Kenya a 1995, Nijeriya da dokar 2007. Ba a ce hakan ya kashe cin hanci a can ba, amma ya ba su damar riƙe ƙwararrun da kamfanoni ke zawarci. Diwanin Sudan ya ci gaba da zama sashe a cikin ma'aikatar kuɗi.

Bakin da ma'aikaci zai yi kuka da shi ma an sha toshe shi. A ƙarshen 2019 aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago na zamanin al-Bashir, aka naɗa kwamitocin riƙo, a Nuwamban 2022 kuma Janar Abdulfattah al-Burhan ya dakatar da ayyukan ƙungiyoyin. Inda babu zaɓaɓɓen wakili da zai zauna da shugabanni a kan ƙarin girma da sauyin wurin aiki da alawus, ƙorafi yakan taru har ya fashe.

A waje ma haka ya fashe. A ƙarshen daminar 2022, lokacin ministan kuɗi Jibril Ibrahim, 'yan kasuwar Gadarif suka rufe shagunansu don nuna ƙin amincewa da ƙarin haraji da ƙiyasin da suka ce ya wuce hankali, kamar yadda aka yi a Sennar da wasu garuruwa. An yanke adadin da ake so a tara a Khartum, amma ƙaramin ma'aikaci ne ya kai takardar, shi ne kuma yake haɗuwa da mai shagon a masallaci da wajen ta'aziyya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kori gwamnati daga Khartum zuwa Fot Sudan, ya bar ma'aikata watanni babu albashi, ya kuma raba hedikwatoci da ofisoshinsu da cibiyoyin horonsu. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, a Disamban 2023, jama'a suka kwararo Gadarif, cikinsu har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, a jihar da tun 2020 take ɗauke da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Um Rakuba. Gadarif ba ta faɗi ba, ta ci gaba da noma da ciniki, don haka nauyin baitulmali ya ƙaru a kan jihohi irinta da a da ake kallonsu a matsayin rassa. Duk gwamnatin da ke son kuɗin riɗi da dawa su gina asibiti da makaranta, wajibi ne ta kai horo Gadarif ɗin kanta, ta ɗauki 'ya'yan jihar masu jin harsunan kasuwarta bisa cancanta, ta biya su abin da zai riƙe iyali, ta kuma bar su su zaɓi masu magana da yawunsu.