Awon Gona da Tauraron Ɗan Adam: Ina Iyakar Daidaitonsa?

Shirin musamman na wannan mako zai duba binciken da masana ke yi kan na'urorin gano wuri, da abin da sakamakonsa yake nufi ga manoma daga Funtuwa zuwa Malumfashi, inda a yau ake auna gonakin masara da auduga da waken suya ta hanyar zagaya su da waya ko wata ƙaramar na'urar hannu.

Tsarin da aka fi sani da GPS mallakar Amurka ne, kuma ya dogara da taurarin ɗan adam aƙalla 24 da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga doron ƙasa, kowannensu yana aiko da saƙon da ke bayyana inda yake da lokacin da saƙon ya taso. Na'urar da ke hannun mai awo takan lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka a hanya, kuma sai ta ji daga taurari huɗu kafin ta tantance inda take. Da yake saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya gusar da wuri da mita 300. Tun da Amurka ta daina rage ingancin saƙon da gangan a watan Mayun 2000, kuskuren wayar hannu a fili ya dawo kimanin mita 5, kuma wayoyin zamani suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin.

Mita 5 ba abin damuwa ba ne ga direban da ke neman hanyar Zariya, amma ga mai ƙaramar gona babban al'amari ne. Idan malamin gona ya bi layin gambar da ke iyaka, yana tsayawa a kowace kusurwa yana danna na'ura, sannan tsawo da faɗi suka ƙaru da mita 5 kowanne, gonar hekta ɗaya za ta fito da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, yayin da gayauna mai mita 50 tsawo da faɗi za ta fito da ƙarin kashi 21. Kuskuren na iya zuwa ta fuskar ragi, kuma kullum mai ƙaramin fili ya fi shafa, alhali da wannan adadi ake ƙiyasta buhunan taki da yawan iri, kuma da hekta aka riƙa lissafa rance a shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2015.

Masu bincike sun nuna cewa babban tushen kuskure a wannan yanki shi ne wani sashe na sararin sama mai cike da ɓurɓushin lantarki, wanda ake kira ayonosfiya, domin yana jinkirta saƙon a hanya. Nijeriya tana kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda wannan sashe yakan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman wajajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Haka nan inuwar ɗorawa ko mangwaro tana raunana saƙon, sannan tsofaffin taswirorin ƙasar nan an gina su ne kan ma'aunin Minna, wanda ya sha bamban da na GPS da gomman mitoci idan ba a daidaita su ba.

Tsari na biyu, wanda ba ya buƙatar tauraro ko kaɗan, shi ne na ƙididdigar motsi, mai amfani da ma'aunin hanzari da ma'aunin juyi wajen lissafa tafiya daga wurin da aka sani, kamar matafiyin da ke ƙirga takunsa cikin duhu. Ba abin da ke katse shi, sai dai kuskurensa yana taruwa, ta yadda na jirgin sama yakan kauce da kusan kilomita 2 a awa ɗaya, na cikin waya kuwa yakan ɓace cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake haɗa tsarin biyu da wata dabarar lissafi da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, inda tauraro ke gyara taruwar kuskure, ma'aunin motsi kuma ke cike giɓin da itatuwa suka haifar.

Nijeriya ba ta zauna haka kawai ba. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa tashoshin dindindin masu sauraron taurari dare da rana, ciki har da ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Da yake an san ainihin matsayin kowace tasha, ana gane kuskuren saƙon a can a cire shi daga awon safiyo, har daidaito ya kai 'yan santimitoci. Tauraron NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disamban 2011, shi ma ya fara watsa saƙon gyara na gwaji a 2020.

Darasin da ke cikin wannan bincike shi ne, adadin da waya ta nuna ƙiyasi ne mai amfani wajen shirin noma, muddin an maimaita awon da rana kuma a fili. Amma a batun rabon gado ko saye ko rikicin iyaka, wajibi ne a kira safiyo mai rajista, a yi aikin a gaban dagaci da maƙwabtan gona, domin haƙƙin maraya da na mai ƙaramin ƙarfi ya fi ƙarfin a bar shi ga ƙiyasi.